Suna Linzami: Kwana Biyar A Garin Su Roy Keane

Duk wanda ya yi samartakarsa a gidajen kallon ƙwallo a ƙarshen shekarun 1990 zai iya tuna daren 21 ga Afrilu, 1999. A daren ne Juventus ta zura wa Manchester United ƙwallo biyu cikin minti 11 na farko a birnin Turin. Magoya bayan United a rumfar da nake zaune suka yi tsit, ba ka jin komai sai rurin janareto a waje. Can sai kyaftin ɗinsu, Roy Keane, ya tashi sama ya rama ɗaya da ka. Jim kaɗan aka ɗaga masa katin gargaɗin da ya haramta masa buga wasan ƙarshe. Ya san haka sarai, amma ya ci gaba da wasa kamar ba abin da ya faru, har aka tashi United na da 3, Juventus na da 2. Muka fito titi muna ta ihun "Kin! Kin!", domin haka muke furta sunan. Ban taɓa tambayar kaina ma'anarsa ba. A wancan lokaci sunan Bature a wurina kamar lambar mota yake, amfaninsa kawai a bambanta wannan da wancan.

A watan Oktoban bara aiki ya kai ni Cork, birni na biyu a girma a Jamhuriyar Ayilan, inda aka haifi Keane ranar 10 ga Agusta, 1971. Taron masana harsuna ne na kwana biyu, sai na ƙara kwana uku daga aljihuna domin in ga unguwar da ta fitar da wannan mutum, wanda yau ya rataye takalmansa ya koma sharhin ƙwallo a talabijin. Abin da na tarar game da sunansa da sunayen garuruwansu ya bar ni da wata damuwa a kan namu sunayen, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Tun daga filin jirgin saman Dublin baƙo zai lura cewa kowane allon hanya suna biyu ne a kansa. Na ƙasa da Ingilishi ne, na sama kuwa da harshen ƙasar na asali, wanda suke kira Gaeilge, ni kuma zan riƙa ce masa Gelik don sauƙin karatu. Dublin ɗin ma kalmomi biyu ne na Gelik aka haɗe, dubh da linn, wato baƙin tafki. Na shiga jirgin ƙasa daga tashar Heuston, tafiyar kimanin awa biyu da rabi zuwa kudu, muna ratsa makiyayu masu kore shar, shanu da tumaki na kiwo ba makiyayi a bayansu. Muka wuce wani gari mai suna Kildare, wanda allonsa na sama ya ce Cill Dara. Cill ɗakin ibada ne, dair kuma wani babban itace ne da suke girmamawa kamar yadda muke girmama kuka da rimi. Nan take Rimin Gado ya faɗo mini a rai.

Daga nan sai na fara karanta allunan da wani ido. Bally da ke farkon sunayen garuruwa masu yawa daga baile ne, ma'anarsa gari. Knock daga cnoc ne, wato tudu. Dun daga dún ne, wato ganuwa ko mafakar yaƙi. Ashe dai Birnin Kudu da Tudun Wada da Dutsin-Ma ne aka jera a gefen hanya, sai dai an sauya musu riga. Tsakanin 1824 da shekarun 1840 sojojin safiyo na Birtaniya suka auna tsibirin kakaf suka zana taswirarsa, suka rubuta sunayen wurare yadda haruffan Ingilishi za su iya ɗauka. Sautin ya tsira da 'yan raunuka, ma'anar kuwa ta ɓuya ga duk wanda bai san harshen ba. Mu ma mun san irin wannan aiki, tun da alƙalamin da ya mai da Sakkwato Sokoto, ya mai da Kwantagora Kontagora, ɗan gida ɗaya ne da wancan.

Cork kanta Corcaigh ce, daga kalmar da ke nufin fadama. Da na taka birnin da ƙafa na ga dalili. Kogin Lee ya rabu biyu ya sa tsakiyar garin a tsakani kamar tsibiri, babban titin kasuwancinsu kuma a lanƙwashe yake domin a kan tsohuwar hanyar ruwa aka gina shi. Wani malamin addininsu mai suna Fionnbharr, ma'ana mai farin kai, shi ya kafa zangon karatu da ibada a wannan fadama fiye da shekara 1,300 da suka wuce, gari ya taru a gefensa. A kan tudun arewa akwai hasumiyar Shandon, wato tsohuwar ganuwa, mai agogo huɗu da mutanen gari suke yi wa tsiya da cewa maƙaryata ne, domin da wuya su yi daidai da juna. Ruwan sama kuwa bai fasa ba ko na yini ɗaya, yayyafi ne mai naci wanda ba ya hana kowa fita.

A rana ta uku na shiga tsohuwar kasuwarsu mai rufi, wadda take ci tun 1788. Ina tsaye gaban wani mai kifi sai na ji daga bayana an ce, "Sannu Malam, an zo lafiya?" Na waiwaya na ga wani dogon tsoho Bature da sanda, yana murmushi yana nuna hulata. Limamin coci ne da ya yi ritaya, ɗan ƙungiyar mishan ta SMA, wadda hedikwatarta ta Ayilan take nan Cork. Ya ce ya yi sama da shekara 30 tsakanin Filato da kudancin Kaduna. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni?" Ya amsa da Hausa garau, har da tambayar iyali da gajiya. Muka sami wuri muka zauna shan shayi, kuma kusan duk abin da na fahimta game da sunayen mutanen ƙasar a teburin nan na fara jin sa, kafin daga baya in bi shi a littattafai.

Ya ce a can ƙasarmu Fada Dogo ake kiransa, sunan kuma yana ba shi dariya har gobe, domin a Gelik kalmar fada ma'anarta dogo, ashe mutanensa sun yi shekaru suna ce masa dogo sau biyu. Ya ƙara da cewa fada kuma shi ne sunan ɗan layin da suke ɗorawa a kan wasali domin a ja shi. Idan ka rubuta Seán da layin, sunan mutum ne. Idan ka cire shi ka rubuta sean, ka ce tsoho. Na ce masa, "Baba, ai mu ma da wannan kalmar muke koya wa ɗalibai muhimmancin lanƙwasa. Fada gidan sarki ne, ka lanƙwasa dalin kuwa sai ta zama faɗa." Ya buga tebur ya ce to ga mu mun iso kan mutumin da na zo nema, domin sunan Keane daga faɗa ya fito.

Bayanin da ya yi mini shi ne, Keane guntun Ó Catháin ne. Ó na nufin jika ko zuriya, Mac na nufin ɗa. Cathán sunan kakan ne, tushensa kuma cath, wato yaƙi. Akwai wani reshe na masu wannan suna da ake dangantawa da Cian, ma'ana daɗaɗɗe mai jurewa. Roy kuwa wasu na cewa daga ruadh ne, wato ja, wasu na cewa daga kalmar Faransanci ce mai nufin sarki. Ko wanne ka ɗauka, wanda ya ga Keane cikin jar rigar United yana tsawa a tsakiyar fili zai ce an yi dace. 'Ya mace ba ta ɗaukar Ó ko Mac, nata Ní ne ko Nic, kamar yadda muke bambanta ɗan wane da 'yar wane. Sunayen zuriya na Ayilan suna cikin mafi daɗewa a Turai, domin an sami Ó Cléirigh, jikan magatakarda, a rubuce tun shekarar 916. Murphy, sunan da ya fi yawa a ƙasar, jikan mayaƙin teku ne. Doyle jikan baƙin baƙo ne.

Na tambaye shi inda Ó ɗin Keane ya tafi. Ya ce mulki ne ya cinye shi. A 1465 aka yi doka cewa duk ɗan ƙasar da ke zaune a yankin da Ingila ke iko da shi, kewayen Dublin, sai ya ɗauki suna irin na Ingilishi, ko na gari, ko na launi, ko na sana'a. A ƙarnonin da suka biyo baya, lokacin da aka ƙwace filaye aka toshe wa mabiya Katolika hanyar muƙami, mutane da kansu suka riƙa yar da Ó da Mac domin su sami shiga. Mac Gabhann, ɗan maƙeri, ya koma Smith. Da na ji batun sunan gari sai na tuna rajistar makarantun boko na farko a Arewa, wadda ta ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gaskiya ne namu akwai kunya a ciki, domin yaro ba ya son a riƙa kiran sunan mahaifinsa gatsau a aji, amma buƙatar suna na biyu daga takardar Bature ta zo.

Washegari na hau bas zuwa Mayfield, unguwar su Keane, a kan tuddan arewa maso gabas. Sunan na Ingilishi yana kawo wa mutum hoton fili mai furanni. Sunanta na Gelik kuwa Baile na mBocht ne, wato garin matalauta. Jerin gidaje ne iri ɗaya da hukuma ta gina wa ma'aikata, da 'yan filaye inda yara ke buga ƙwallo cikin yayyafi. Keane yana ɗan shekara 12 zuwa 13 kamfanonin Dunlop da Ford suka rufe masana'antunsu na Cork, a 1983 da 1984, rashin aikin yi ya mamaye irin waɗannan unguwanni. A nan ya koyi dambe, ya kuma yi wasa a ƙungiyar yara ta Rockmount. Masu zaɓen 'yan wasa suka ce ya cika ƙanƙanta. Ya rubuta wa ƙungiyoyin Ingila wasiƙu yana neman gwaji, ba wadda ta kira shi. Na tsaya a tashar bas ina kallon birnin a ƙasa, ina tunanin cewa tsohon sunan unguwar ya fi sabon faɗin gaskiyar yaron da ya tashi a cikinta.

Sauran labarin masu kallon ƙwallo sun san shi. Ya shiga Cobh Ramblers a 1989, Brian Clough ya ɗauke shi zuwa Nottingham Forest a 1990, Manchester United ta saye shi a 1993 a kan fam miliyan 3.75, kuɗin da ba a taɓa biya ba a Birtaniya kafin nan. Ya ci gasar Firimiya sau 7 da kofin FA sau 4, ya buga wa ƙasarsa wasa 67. Jami'ar Cork ma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 2002, abin da ni na kwashe shekaru ina fama kafin in samu. Amma a Ayilan, abin da ake fara tunawa idan an ambace shi shi ne Saipan. A watan Mayun 2002, kwanaki bayan Najeriya ta doke su 2 da 1 a wasan sada zumunci a Dublin, tawagar ta sauka a wannan tsibiri domin shirin gasar cin kofin duniya. Keane ya yi ƙorafin filin atisaye mai tauri da kayan aikin da ba su iso a kan lokaci ba, ya faɗa wa jarida, suka yi cacar baki da koci Mick McCarthy a gaban 'yan wasa, aka sallame shi ya koma gida.

Ƙasar ta rabu biyu a kan wannan lamari, kuma har yau ba ta gama haɗuwa ba. Direban tasin da ya ɗauke ni a wani dare ya ce a Cork ba a tambayar wa ke da gaskiya, an riga an sani. Tawagar ta yi kunnen doki 1 da 1 da Kamaru a wasan farko, ta kai zagaye na biyu, Sifaniya ta fitar da ita a bugun fenareti, mutane kuma suna ta lissafin inda za a kai da kyaftin yana nan. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne sunan abokin faɗan nasa. McCarthy daga Mac Cárthaigh ne, ɗan Cárthach, wato mai ƙauna. A Barnsley ta Ingila aka haifi kocin, amma sunan da yake ɗauke da shi na sarakunan da suka mulki ƙasar Cork ne, su ne ma suka gina ganuwar Blarney da ke bayan gari. Jikan yaƙi ne da ɗan mai ƙauna suka kasa zama a ɗaki ɗaya.

Daga tashar Kent jirgin ƙasa na kai mutum Cobh cikin ƙasa da rabin awa, yana bin gaɓar ruwa. Ana furta sunan kamar Kof. Ƙaramin gari ne a jikin tudu, gidajensa masu fenti kala-kala sun gangaro zuwa teku, wata babbar majami'a mai ƙararrawa 49 tana tsaye a kansu. Na hau har filin wasan Ramblers, ɗan madaidaicin fili wanda wasu makarantunmu na sakandare sun fi shi girma. Garin ya taɓa rasa sunansa ɗungurungum. A 1849 Sarauniya Victoria ta sauka a nan, aka mai da shi Queenstown, garin sarauniya. A 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, mutanen gari suka tuɓe wannan suna. Abin mamaki, Cobh ɗin da suka koma masa ba shi da ma'ana a Gelik. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin lungun teku, suka rubuta ta da ƙa'idar harshensu. Wanda ya daɗe da rabuwa da kayansa, in ya tashi karɓa, wani lokaci da na aro yake komawa gida.

A bakin ruwan Cobh ne na fahimci yadda harshe ke mutuwa. Nan ce tashar ƙarshe da jirgin Titanic ya tsaya ranar 11 ga Afrilu, 1912, ya ɗauki mutum 123. Ta nan kuma kimanin mutum miliyan 2.5 suka bar ƙasar tsakanin 1848 da 1950. Akwai mutum-mutumin wata yarinya, Annie Moore, da ƙannenta biyu, ita ce ta farko da aka yi wa rajista a tsibirin Ellis na Amurka ranar 1 ga Janairu, 1892. Mafarin wannan ƙaura yunwa ce. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, daga cikin al'ummar da ta haura miliyan 8. Galibin waɗanda abin ya ci talakawan karkara ne masu magana da Gelik. Waɗanda suka rage suka duba suka ga 'ya'yansu Amurka ko Ingila za su, can kuwa Ingilishi ne abinci.

A makarantun gwamnati da aka kafa tun 1831, akan rataya wa yaro ɗan guntun itace a wuya, duk lokacin da ya yi Gelik a yi masa tsaga ɗaya, a ƙarshe a ƙirga a yi masa bulala. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, sau da yawa da yardar iyaye ake yin haka, har su ma sukan yi tsagar a gida, saboda ƙaunar 'ya'yansu da tsoron talauci. Na tsaya a bakin tekun ina tuna makarantar da na yi, inda ake cin tarar duk wanda aka kama yana Hausa a aji. Na tuna kuma gidajen abokaina a manyan biranenmu, inda uba da uwa ke hira da Hausa, su juya su yi wa yaro Turanci, suna alfahari da cewa ba ya jin Hausa sosai.

Da yammacin Lahadi na zauna a zauren otal ɗin da na sauka, ana nuna wasan Firimiya. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai ga Keane a allon Sky Sports, gemu ya yi furfura, fuska a murtuke. Hirar da ake yi a zauren ta tsaya. Bayan ya horar da Sunderland da Ipswich, ya kuma yi mataimakin kocin ƙasarsa daga 2013 zuwa 2018, wannan kujera ce ta zama wurin aikinsa, shi da ya taɓa nuna ƙyamar masu zamanta. Salonsa sananne ne. Ba ya yarda a yabi mai tsaron gida don ya kama ƙwallo, tun da aikin da ake biyansa ke nan, kuma ba ya ƙaunar ganin abokan hamayya suna rungumar juna kafin wasa. Fiye da shekara 30 yana zaune a Ingila, amma karin harshensa na Cork, mai hawa da sauka kamar waƙa, bai gushe ba. Na ga yadda mutanen zauren suke jin daɗin wannan fiye da abin da yake faɗa. Sai dai da Ingilishi yake sharhin, kamar yadda kusan kowa a Cork da Ingilishi yake ciniki da faɗa da neman aure.

Akwai wani tsohon ɗan wasa da ya bi irin hanyarsa ta wata ƙofa dabam. Dara Ó Cinnéide ɗan ƙwallon gargajiyar ƙasar ne, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. Shi ya jagoranci Kerry ta ci kofin ƙasa a 2004, daga baya ya zama ma'aikacin gidan rediyon Gelik da aka kafa a 1972. Ya fito daga ɗaya daga cikin 'yan yankunan gaɓar yamma inda har yau ake tashi da harshen a gida, sunansa kuma yana nan da Ó ɗinsa da layukansa. Shi ne sunan da duniya ta sani da Kennedy. A irin yankunansu akan kira mutum da sunansa da na ubansa da na kakansa a jere, kamar mu ce Audu na Garba na Tanko. Amma su 'yan kaɗan ne. A ƙidayar 2022 kimanin mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya Gelik, sai dai masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5, bayan shekara 100 ana koyar da shi dole.

Abin da ya rage musu da ƙarfi shi ne sunaye, kuma sun riƙe su da hannu biyu. Tun bayan kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen a 1893, iyalai da yawa suka mai da Ó da Mac ɗinsu. Yau za ka haɗu da Niamh, ana furta shi Nif, ma'ana haske, da Aoife, ana furta shi Ifa, ma'ana kyau, da Saoirse, wato 'yanci, sunan da ya bazu bayan samun mulkin kai. Mai tsaron gidan ƙasar, Caoimhín Kelleher, ɗan Cork ne, ya yi shekaru a Liverpool bai sauƙaƙa wa kowa rubutun sunansa ba, masu sharhin Ingila ne suka koyi furta shi. A gefensa akwai Chiedozie Ogbene, wanda aka haifa a Legas ya tashi a Cork, ya zama ɗan wasa na farko haifaffen Afirka da ya buga wa babbar tawagar ƙasar a 2021, shi ma da sunansa na Ibo cikakke. Mutane sun yi ta kai ƙara a kan kwamfutocin da ke goge musu layin fada, har dokar harsuna ta 2021 ta ɗora wa hukumomi nauyin rubuta sunan mutum yadda yake.

A jirgin dawowa na yi ta auna mu da su. Hausa ba ta cikin halin da Gelik yake. Miliyoyi ne ke kwana da ita suna tashi da ita, har waɗanda ba Hausawa ba. Amma abin da su suka dawo suna tsincewa, mu yanzu muke zubarwa, ba tare da wata doka ta tilasta mana ba. Kakata ta wajen uba Tanko take kirana, domin mata uku na bi. Sunan bai shiga ko takarda ɗaya tawa ba, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake kirana da shi sai gwaggona. Da na koma aji na tambayi ɗalibaina ma'anar Audi da Kande da Shekarau da Cindo da Nomau. Kaɗan ne suka san cewa Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Kande maza ta bi, Shekarau ya daɗe a ciki, Cindo da ƙarin yatsa ya zo, Nomau kuma ana tsakiyar noma aka haife shi. Wasu har dariya suka yi, wai sunayen ƙauye.

Ba ina kira a bar sunan yanka ba ne. Kakanninmu sun raɗa wa 'ya'yansu Muhammadu da A'ishatu ranar suna, suka kuma kira su Ɗanjuma da Ladi a tsakar gida, ba su ga wani karo tsakanin biyun ba. Laƙabin gargajiya yana ɗauke da tarihin gida, ranar da aka zo da halin da aka tarar da waɗanda aka bi. Mai son ya kiyaye shi zai iya sa shi a takardar haihuwar ɗansa a matsayin suna na tsakiya. Zai iya nacewa a rubuta masa Baƙo da Ɗanladi da lanƙwasarsu a katin shaida da na makaranta, domin kwamfutar da ta iya ɗaukar layin Seán za ta iya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ idan an matsa. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma suna da aikin tattara sunayen unguwanni da gonaki da rafuka daga bakin dattawa, kafin rukunonin gidaje masu sunan Turanci su binne su yadda Mayfield ya rufe garin matalauta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, na Ayilan kuwa ya daɗe da ƙonewa.

Mako guda da dawowata na je gaida gwaggo da littafi a hannu. Na ce, "Gwaggo, so nake ki faɗa mini sunayen gidanmu na da, da dalilin kowanne." Ta dube ni ta ce, "Tanko, sai da ka je ƙasar Turawa ka san da wannan?" Muka kai la'asar tana lissafi ina rubutawa, muka cika shafi huɗu. Akwai sunaye biyu da ta ce ta san masu su, amma dalilin ya tafi da yayarta da ta rasu. 'Yata ƙarama, wadda na tafi da ita, ta tambaya ko ita ma tana da irin wannan suna. Gwaggo ta tambayi ranar da aka haife ta, aka ce Laraba, ta ce to Balaraba ce, ko Larai in ana so a taƙaita. Tun daga ranar ba ta amsa wa yayyenta sai sun kira ta da shi. Allah Ya ja kwanan dattawanmu, Ya ba mu ikon tambayarsu tun suna nan.